Gansakukar Dam da Hasken Rana

A wannan fitowa za mu leƙa bakin ruwa. Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da kogin Daka ya ja baya, madatsun ƙauyukan Yendi suka ƙafe saura kaɗan, mukan ga wani kore-kore ya shimfiɗu a kan ruwa kamar an zuba fenti. Ita ce gansakuka mai launin kore da shuɗi, wadda masana suka ce ƙwayoyin bakteriya ne masu haɗa abincinsu da hasken rana.

Sha'aninta da haske abin lura ne. A jikin kowace ƙwaya akwai 'yan jakunkunan iska da ke ɗago ta sama da safe. Idan ta sha haske ta tara sukari, sai ta yi nauyi ta nutse. Cikin dare ta ƙone abin da ta tara, ta sake tasowa. In haske ya yi ƙaranci, takan ƙara launin jikinta don kama ɗan abin da ya samu. In ya yi yawa kuwa, kamar ranar tsakiyar bazara, sai ta koɗe ta mutu. Nan haɗarin yake, domin wasu irinta na ɗauke da dafi mai lalata hanta, kuma da mutuwarsu yake fita cikin ruwa. A shekarar 2020 gwamnatin Botswana ta danganta mutuwar giwaye fiye da 300 da dafin irin wannan gansakuka.

Mun karanta a zaure cewa, a mazhabar Malikiyya, ruwan da gansakuka ta sauya launinsa yana nan da tsarkinsa, ana alwala da shi. Wannan hukuncin ibada ne, bai ce ruwan lafiya yake ga ciki ba. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta karya wannan dafin.

Saboda haka kada a ɗebi ruwa a gefen da iska ta tara koren, kada yara su yi wanka a wurin, a kuma nisanta kashin shanu da takin gona daga bakin dam, don su ne abincinta. A gida, a rufe randa, a kawar da jarka daga rana, tunda ba ta yaɗuwa a duhu.

Allah Ya ba mu ruwa mai albarka. Sai fitowa ta gaba.