Shafin ma'aikata: wa zai riƙe mabuɗi bayan ɗan kwangila ya tafi?

Jami'an yaɗa labarai a ma'aikatun Abuja sun san wannan takaici: a sa hannu a sanarwa da safe, amma ba za ta hau shafin intanet ba sai washegari, domin wanda ya iya ɗora ta ɗan kwangila ne, kuma wa'adinsa ya ƙare. Sau da yawa matsalar ta samo asali ne tun ranar da aka zaɓi yadda za a gina shafin, a taron da ba a gayyaci masu rubutun ba.

Hanyoyi biyu ake kawowa. Ta farko, a ɗauki ƙwarangwal ɗin manhaja irin su Laravel ko Django, injiniya ya ƙera komai a kansa. Ta biyu, a ɗauki rumbun rubutu da masana ke kira mara kai, kamar Strapi ko Directus. Aikinsa shi ne adana rubutu da hotuna, ya miƙa su ga shafin intanet ko manhajar waya. Fuskar da jama'a ke gani daban ake gina ta.

A ganina, ma'aikatar da yawancin abin da take wallafawa sanarwa ne da rahotanni da tallan kwangila, hanya ta biyu ta fi dacewa da ita. Jami'i ya rubuta, darakta ya duba ya amince, sanarwa ta fita ba tare da an kira kowa a waya ba. Ana iya ajiye Turanci da Hausa gefe da gefe, abin da ya kamata a ce an daɗe da yi. Ga kuma yawan sauya fasalin gwamnati: a 2023 aka ƙirƙiro ma'aikatar harkokin teku, a 2024 ta bunƙasa kiwon dabbobi. Idan aka raba ma'aikata ko aka sauya mata suna, fuskar kaɗai za a sake, rubutun shekaru ya tsira.

Ƙwarangwal yana da muhallinsa. Neman fasfo ko biyan albashi aiki ne mai lissafi na musamman, dole a ƙera masa nasa.

Sai dai rumbun ma ba ya raba mutum da injiniya, tunda wani ne zai gina fuskar ya riƙa kula da ita. Wasu kuma, kamar Contentful, haya ake yi da kuɗin waje, bayanan na zaune a kwamfutocin ƙetare. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun watan Yunin 2023 ya san abin da hakan ke yi wa kasafin ma'aikata. Strapi da Directus kuwa ana iya girka su a kwamfutocin gida, irin na Galaxy Backbone.

Tunda dai ayyukan fasaha na ma'aikatu sai sun bi ta hannun NITDA kafin a amince, can ya kamata a kafa sharaɗi: kada a biya ɗan kwangila kason ƙarshe sai ya miƙa wa sashen kwamfuta na ma'aikatar lambobin sirri da ainihin rubutun manhajar, kuma jami'in yaɗa labarai ya ɗora sanarwa da hannunsa a gaban kwamiti.