Kafin A Aika Da Kuɗin Fuloti Digil, A Nemi Takarda

Mutanen Mubi da ke neman abinci a Ikko, Badun da Fatakwal ba su da burin da ya wuce su kafa gida a garinsu. Tun da aka buɗe Jami'ar Jihar Adamawa a 2002 gari ke faɗaɗa, filaye suka yi daraja har su Digil, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Arewa. Masu yanka fulotai da gina gidajen sayarwa kuwa ba su raina alkawari. To, amma akwai iyakar da doka ta ja musu.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris, 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Saboda haka ɗan kwangila ba ƙasa yake sayarwa ba, izinin zama ne kawai. Inda gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da wannan izini. A karkara kuwa ƙaramar hukuma ce. Shaidar mai unguwa tana da amfaninta, amma ba ta maye gurbin takardar hukuma.

Sashe na 22 ya hana a sayar ko a jinginar da filin da gwamna ya bayar sai da amincewarsa. A 1989, a shari'ar Savannah Bank da Ajilo, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar da aka ƙulla ba tare da wannan amincewa ba. In banki ya ƙone, ina ga ɗan tireda? Haka kuma in gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar gini da shuka take biya, ba ta ƙasa ba.

Mai gini zai iya share fili, ya auna, ya ɗora bulo. Ba zai iya ba da abin da ke hannun gwamna ba. Duk wanda ya ce takarda za ta biyo baya, a riƙe kuɗi har ta iso.

Ita ma gwamnati a Yola da nata aikin. Muddin neman sa hannu na da tsada da jan ƙafa, mutane za su bi ta bayan gida, masu gaskiya su rasa ciniki. A sauƙaƙa shi, a kusanto da shi Mubi. Allah Ya sa gumin baƙunta kada ya tafi a banza, amin.