Shawara Ga Masu Binciken Aikin Jinya A Jami'o'inmu

 Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili in faɗi ra'ayina a kan wani al'amari wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, watau binciken da jami'o'i ke yi game da aikin jinya a asibiti. Na san wani zai ce, mu da muke koyon aikin malanta, ina ruwan biri da gada? To, ku yi haƙuri ku ji abin da na gani da idona tukuna, sa'an nan ku yanke hukunci.

A hutun da ya wuce goggona, ƙanwar mahaifina, ta zo daga gida don ta ga jikokinta a nan kudu, sai ciwo ya kama ta, aka kwantar da ita a wani asibiti. Tsohuwa ce, ba ta jin ko wane harshe sai Hausa. Ma'aikatan jinyar da ke ɗakin mata ne masu ƙwazo, har ɗaya daga cikinsu ta tsinci 'yar Hausa a kasuwa. Kowace safiya sai ta zo ta ce, "Mama, yaya jiki?" Goggo ta ce, "Da sauƙi." Ita kuwa sai ta rubuta a takarda cewa majinyaciya tana samun sauƙi. Haka aka yi har kwana uku. Kuma sa'ad da aka tambaye ta sunan mijinta don a cika takarda, sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru, har aka fara tsammanin zazzaɓi ya taɓa mata hankali.

Ran na huɗu muka iso, ni da ƙanwata. Da na dubi fuskar Goggo na san ba lafiya, gama labarin zuciya a tambayi fuska. Na fita waje na bar su, sai ta gaya wa ƙanwata kwana uku ke nan ba ta runtsa ba saboda ciwon mara, fitsari kuma ba ya fita sai da ƙyar, amma kunya ta hana ta faɗi a gaban likita namiji. Muka sanar da su, nan da nan aka sake dubawa, aka yi abin da ya kamata, Allah kuwa ya ba ta lafiya.

Ban ga laifin ma'aikatan nan ba ko kaɗan. Wa ya taɓa gaya musu cewa Bahaushe ko yana gargarar mutuwa, in an gaishe shi da jiki, "da sauƙi" zai ce, don ladabi da godiya ga Allah? Wa ya koya musu cewa Bahaushiya irin ta dā ba ta kama sunan miji ko na ɗan fari? Ma'aunin zafin jiki ba ya nuna wannan, awon jini ma haka. Ana samunsa ne a wurin masu nazarin harshe, da al'adu, da tarihi, da adabi, watau darussan sanin ɗan Adam. Ra'ayina shi ne, duk jami'ar da ke binciken jinya ta kuwa bar waɗannan darussa a waje, ta yi tuya ta manta da albasa.

Kada wani ya zaci ina raina ƙidaya da awo. Ƙidaya ita ta ɗaga darajar aikin jinya tun farko. A 1854 Florence Nightingale ta tafi asibitin sojan Ingila a ƙasar Turkiyya, lokacin yaƙin Kirimiya, tare da mata 38. Da ta komo gida ta zauna ta lissafa, ta nuna wa hukuma cewa cututtukan ƙazanta sun kashe soja fiye da yadda raunin yaƙi ya kashe. A 1860 ta buɗe makarantar jinya a asibitin Sen Tomas a Landan. Amma ku lura, matar nan tun tana yarinya mahaifinta ya koya mata tarihi, da falsafa, da harsunan Girka da Latin, shi ya sa da ta tashi gardama da manyan gwamnati alƙalaminta ya yi kaifi kamar lissafinta.

A zamaninmu ma ƙidaya ta yi amfani ƙwarai. A 2002 wata malamar jinya a Amurka, Linda Aiken, ita da abokan aikinta sun duba asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya, suka tarar duk sa'ad da aka ƙara wa ma'aikaciyar jinya majinyaci ɗaya a kan waɗanda take dubawa, haɗarin mutuwar wanda aka yi wa tiyata cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin ɗari. A 2014 suka sake irin wannan a asibitoci 300 na ƙasashen Turai tara, suka ga inda masu digiri suka fi yawa cikin ma'aikatan jinya, mutuwa ta fi raguwa. Lalle wannan bincike ne mai ceton rai. Sai dai ƙidaya tana gaya mana ma'aikata nawa ake bukata a ɗaki, ba ta gaya mana abin da za su ji ba in sun tsaya a bakin gadon tsohuwa ta ce musu "da sauƙi".

Waɗansu masu hangen nesa sun gane haka tun da daɗewa. Cicely Saunders ta Ingila ta fara da aikin jinya, kana ta zama likita. Ta riƙa zama wurin waɗanda ajali ya kusato tana ɗaukar maganarsu a na'ura, daga nan ta fahimta cewa azabar majinyaci ta haɗa ciwon jiki, da damuwar zuci, da tunanin iyali, da tsoron abin da zai tarar. A 1967 ta buɗe gidan jinya na Sen Kiristofa a Landan bisa wannan fahimta, yau kuwa ƙasashe da yawa sun yi koyi da ita. A wannan shekara kuma makarantar likitoci ta Hershey a Amurka ta kafa sashe na musamman don darussan sanin ɗan Adam. Haka nan a Jami'ar Kolumbiya ta birnin Niyok, likita Rita Charon, wadda ta yi digiri na uku a fannin adabi, tana sa masu koyon aikin asibiti su karanta labarai, su kuma rubuta labarin majinyatansu, don kunnensu ya saba da sauraro.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A 1954 likita Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke sauka a gidajen ƙauye tare da wani ɗan'uwansu, suna zuwa asibiti da rana, har ya jawo masu maganin gargajiya cikin aikin, domin ya san mutanensa. Duniya ta yaba wa wannan tsari. Akwai kuma Lewis Wall, Ba'amurke, wanda ya zauna cikin Hausawa a wani ƙauye yana nazarin yadda suke fahimtar cuta da lafiya, ya buga littafi a kai a 1988, ya kuma zama likitan mata mai yaƙi da yoyon fitsari. Abin kunya ne a ce baƙo ya zo ya rubuta wannan, mu 'yan gida muna zaune.

Ga wani misali wanda ya shafe mu kai tsaye, mu masu koyon malanta. Kofoworola Pratt malamar makarantar 'yan mata ce a Ikko kafin ta shiga makarantar Nightingale a 1946. A 1964 ta zama 'yar Nijeriya ta farko da ta shugabanci ma'aikatan jinya a asibitin koyarwa na Ibadan. A 1965 kuma Jami'ar Ibadan ta buɗe sashen jinya, wanda shi ne na farko a ƙasar nan da ya fara ba da digiri a wannan fanni. Ashe dai alli da allura sun daɗe da sanin juna.

Na san abin da mai gardama zai ce. Zai ce kuɗi sun yi kaɗan, magani ya yi tsada, ma'aikatan jinyarmu da yawa suna ƙaura zuwa Ingila da waɗansu ƙasashe, waɗanda suka rage kuwa aiki ya yi musu yawa, ina suka ga lokacin sauraron tatsuniya? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, ni ma ina cikin masu kukan a ƙara ma'aikata a kyautata albashinsu. Amma a duba lissafin Goggo. Kwana uku ta riƙe gado, ana ba ta maganin da bai kai ga ciwon ba, alhali tambaya ɗaya da aka yi ta hanyar da ta dace ta warware matsalar cikin minti biyar. Inda kuɗi suka yi ƙaranci, nan ne ya fi kamata a guji irin wannan hasara. Bayan haka, binciken da nake magana ba ya bukatar injin mai tsada daga ƙasar waje, sai littafin rubutu, da na'urar ɗaukar magana, da haƙuri.

Saboda haka ga shawarata guda huɗu. Ta fari, sashen jinya da sashen harsuna na kowace jami'a su haɗa kai su tattara kalmomin ciwo daga bakin majinyata, da yardarsu, cikin Hausa, da Yarabanci, da Ibo, da sauran harsunan yankinsu. Ku duba kalmar "shawara" kaɗai, tana nufin abin da nake bayarwa yanzu, tana kuma nufin ciwon da ke mai da ido rawaya. "Sanyi" da "ciwon ciki" kuwa kowannensu buhu ne mai cike da cututtuka iri iri. Ta biyu, a sa ma'aikatan jinya na ɗakunan asibiti cikin binciken, a kuma rubuta sunayensu a kai, gama mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zuba. Ta uku, abin da aka gano kada ya ƙare a cikin kabad na laburare. A mai da shi ƙananan littattafai masu sauƙin karatu, a kai su ɗakunan jinya da makarantun koyon aikin. Ta huɗu, duk mai neman digirin jinya a ba shi darasi a kan harshe da al'adun mutanen da zai yi wa aiki, a kuma jarraba shi a kai kamar sauran darussa.

Saura namu, 'yan'uwana. Yarinyar da za ta tsaya a bakin gadonka nan da shekara ashirin, wataƙila tana cikin ajin da za ka fara koyarwa in ka fita daga wannan kwaleji. In ka nuna mata cewa kimiyya ita ce karatu, harshe da tarihi kuwa na ragwaye ne, to, ka yi wa kanka. Mu koya wa yara su saurari magana har ƙarshenta, su iya ba da labarin abin da suka gani daki daki, su kuma koyi gaisuwa da ladubban maƙwabtansu waɗanda ba harshensu ɗaya ba. Mu da muke zaune cikin Yarabawa da Ibo da sauran kabilu, mu ma wajibi ne mu koyi nasu, don gobe tsohuwar wani ce za ta kwanta a asibitin garinmu, ba ta jin Hausa.

Wanda ya ga kuskure cikin maganata, ina roƙonsa ya amsa mini a fitowa ta gaba, zan karɓi gyara da hannu biyu. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin.