Makin Sharhi da Darajar Wasan Kwamfuta

Makin da masu sharhi ke bai wa wasannin kwamfuta na daga cikin batutuwan da masu sauraron shirye-shiryen podcast suka fi tafka muhawara a kansu, kuma muhawarar tana da tushe. Tun da aka ƙaddamar da Metacritic a 2001, wadda ke tattara makin masu sharhi daban-daban ta fitar da lamba ɗaya cikin 100, kamfanoni suka ɗauki lambar tamkar hukuncin alƙali. Wasan Fallout: New Vegas na 2010 ya samu 84, alhali yarjejeniyar kamfanin Obsidian da ya ƙera shi da kamfanin Bethesda da ya wallafa shi ta ce sai da 85 za a biya ƙarin lada, maki ɗaya tak ya raba ma'aikata da kuɗin guminsu. A 2007 kuma GameSpot, kafar sharhin wasanni, ta sallami mai sharhinta Jeff Gerstmann bayan ya bai wa wasan Kane & Lynch maki 6 cikin 10, a daidai lokacin da take tallata wasan. Shekara ta zagayo, shi da abokan aikinsa suka kafa shafin Giant Bomb, inda shirinsu na podcast mai suna Giant Bombcast ya riƙa shafe sa'o'i ana baje wasa a faifai. A nan fifikon hira yake: mai sauraro yana jin inda labari ya yi armashi, inda sarrafa ɗan wasa ya yi tauri, da irin mutumin da wasan zai burge. Maki yana da amfani ga mai sauri, amma wanda zai kashe kuɗinsa ya fi buƙatar dalilan da suka haifar da makin.