Karatu Ta Intanet: Wa Ya Rubuta Amsar?

A 'yan shekarun nan ba sabon abu ba ne a ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa sun fito gaban ikkilisiya ranar Lahadi suna godiya domin sun gama digiri, alhali kowa ya san ba su taɓa barin gari ba. Wani malamin firamare ne, wata ma'aikaciyar asibiti ce, wani kuma fasto ne mai lura da ikkilisiyoyi uku a ƙauye. Da dare suka yi karatun, a kan wayar hannu, bayan yara sun yi barci. Abin farin ciki ne, domin a da irin waɗannan mutane sai dai su haƙura.

Amma akwai tambayar da dattawa suke yi a ɓoye, musamman idan za a ɗauki malami a makarantar ikkilisiya ko ma'aikaci a ƙaramin asibitinta. Wannan takarda da aka kawo mana, me take shaidawa? Mai ita ya iya aikin, ko dai ya iya biyan kuɗi ne da danna waya? Tambayar ba ta raini ba ce. Yaran da za a danƙa wa malamin namu ne, majinyacin da za a yi wa allura kuma ɗan'uwanmu ne.

Karatu daga nesa ya girmi intanet da shekaru masu yawa. Tun 1858 Jami'ar Landan ta buɗe ƙofa ga waɗanda ba za su iya zama a cikinta ba, su yi karatu a inda suke su sami digirinta. Iyayenmu da suka yi zamanin Turawa sun san karatu ta gidan waya: a aiko da darasi cikin ambulan, ka amsa ka mayar. A nan gida Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wato NTI, an kafa ta a 1976, kuma ta horar da malamai masu ɗimbin yawa ba tare da sun bar ajinsu ba. Jami'ar karatu daga gida ta ƙasa, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Shugaba Obasanjo aka farfaɗo da ita. Shi kansa Obasanjo ya koma ɗalibi a cikinta bayan ya sauka daga mulki, har ya karɓi digirin dakta a fannin tauhidin Kirista a 2018.

Abin lura a duk wannan tarihi shi ne, ko da yake karatun daga nesa ake yi, jarrabawar ƙarshe ba daga nesa ake yin ta ba. Ɗalibi yana zuwa da ƙafarsa, a duba fuskarsa, ya zauna a gaban mai sa ido. Har yau haka tsarin NOUN yake: maki 30 cikin 100 na aikin gida ne da ake amsawa ta intanet, maki 70 kuma na jarrabawar da ake zuwa a rubuta a cibiya. Waɗanda suka tsara haka sun san abin da suke yi. Duk wanda ya ɗan bincika intanet zai ga shafuka da zaurukan WhatsApp masu tallar amsoshin aikin gida. Idan da dukan makin a kan aikin gida yake, da takardar ba ta da wata daraja.

Abubuwa biyu ne suka girgiza wannan tsohon tsari. Na farko annobar korona ce. A watan Maris na 2020 aka rufe makarantu a Najeriya, kamar yadda aka yi a kusan dukan duniya, makarantu da yawa kuma suka koma koyarwa da yin gwaji ta intanet cikin gaggawa, ba shiri. Bayan annobar ta wuce, wasu suka ga hanyar ta fi sauƙi da araha, suka ci gaba da ita. Na biyu kuma, wanda ya fi girma, shi ne fitowar ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamba 2022. Kafin wannan rana, mai son satar amsa sai ya nemi wanda zai rubuta masa, ya biya shi, ya kuma yi fatan asirinsa ba zai tonu ba. Yanzu manhaja ce a cikin waya take rubuta shafi biyar cikin ƙasa da minti ɗaya, da Turanci mai santsi, kyauta. Ka tambaye ta dalilan faɗuwar wata daula, ko bambancin zazzaɓin cizon sauro da na taifot, ko ma'anar wata aya, za ta ba ka amsa a tsare, ko da wani lokaci ta haɗa da ƙarya.

Saboda haka sai mu faɗi gaskiya: rubutun da ɗalibi ya yi a gida shi kaɗai ya aiko, ya daina zama shaidar cewa ya koyi wani abu. Haka ma tambayoyin canki-canka da ake amsawa a waya ba mai sa ido. Wannan ba ya nufin dukan ɗalibai masu ha'inci ne. Yawancinsu ba haka suke ba. Amma malami ba shi da hanyar rarrabe mai gaskiya da marar gaskiya ta wurin duban takardar kawai, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne mai gaskiyar, domin ya kwana yana karatu ya sami maki 60, maƙwabcinsa ya danna waya ya sami 85.

Makarantu sun nemi magani ta hanyoyi biyu, dukansu kuwa na na'ura ne. Hanya ta farko ita ce sa ido daga nesa: ɗalibi ya kunna kyamarar kwamfutarsa, manhaja tana kallon fuskarsa, tana sauraron ɗakin, idan ya kau da ido ko ta ji wata murya sai ta yi masa alama. A ƙasashen da aka ƙirƙiro wannan ma ba a rabu da gardama ba. A 2022 wani alƙalin tarayya a jihar Ohayo ta Amurka ya yanke hukunci cewa tilasta wa ɗalibi ya nuna ɗakin kwanansa ta kyamara kafin jarrabawa ya keta haƙƙinsa. To balle a wurinmu. Ka ɗauki mace mai goyo da ke zaune a ɗaki ɗaya da yara huɗu, wutar lantarki ta ɗauke, sabis yana zuwa yana tafiya, kuɗin data kuma ya tashi tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025. Manhajar ba ta san kukan jariri ba, ba ta san ƙarar janaretan maƙwabci ba. Abin da za ta auna shi ne wa yake da ɗaki shiru da intanet mai ƙarfi, ba wa ya yi karatu ba.

Hanya ta biyu ita ce manhajojin da aka ce suna gane rubutun da na'ura ta yi. Nan ne ya kamata malamanmu su yi hankali ƙwarai. Kamfanin OpenAI, wanda ya yi ChatGPT, ya fito da irin wannan manhaja a farkon 2023, amma a watan Yuli na shekarar ya janye ta da kansa domin ba ta cika faɗin daidai ba. A wannan shekara kuma wasu masu bincike a Jami'ar Sitanfod ta Amurka suka gwada irin waɗannan manhajoji guda bakwai da rubuce-rubuce 91 na mutanen da Turanci ba harshen uwa ba ne a gare su. Fiye da rabin rubutun, manhajojin suka ce na na'ura ne, alhali mutane ne suka rubuta da hannunsu. Rubutun yaran Amurka kuwa kusan duka ya wuce lafiya. Dalilin ba boyayye ba ne: wanda ya koyi Turanci a makaranta yakan yi amfani da kalmomi kaɗan da jimloli masu sauƙi, wannan kuma shi ne abin da manhajar take ɗauka alamar na'ura. Yaronmu na Zonkwa ko Biliri ko Mubi, wanda Turanci harshensa na uku ne bayan na gida da Hausa, shi ne zai fara shiga tarkon. A kira ɗalibi ɓarawon amsa a kan shaidar irin wannan manhaja kaɗai, zalunci ne.

Ko jarrabawar da ake yi a cibiya a kan kwamfuta ma ba ta fi ƙarfin kuskure ba. Hukumar JAMB ta koma yin jarrabawarta duka a kan kwamfuta tun 2015, kuma hakan ya rage wasu tsofaffin hanyoyin maguɗi. Amma a 2025, bayan sakamako ya fito iyaye suka yi ta kuka, sai shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ranar 14 ga Mayu ya amsa cewa an sami matsalar na'ura da ta shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da jihohin kudu maso gabas, aka kuma sake musu jarrabawa. Ya kyautu a yaba masa don ya amsa laifi a fili, abin da ba mu saba gani ba. Amma a tuna, kafin ya amsa, yara da yawa sun riga sun sha faɗa a gida a kan makin da ba nasu ba ne. Lambar da kwamfuta ta fitar ba ta zama gaskiya don kwamfuta ce ta fitar da ita.

To me ya rage? A ganina sai an fara raba abu biyu da muka saba haɗawa. Akwai gwajin da ake yi don a taimaki ɗalibi ya ga inda ya tsaya, akwai kuma wanda ake yi don a shaida wa duniya cewa ya iya. Na farkon ya dace da intanet sosai. A riƙa ba da gajerun tambayoyi kowane mako, amsa ta dawo nan take, makin ya zama kaɗan ko babu ma. Wanda ya saci amsa a nan kansa ya cuta, kamar majinyacin da ya ɓoye wa likita ciwonsa. Na biyun kuwa dole a ga mutum ido da ido, ko a cibiya, ko ta kiran bidiyo inda malami zai yi masa tambaya da baki.

Tambaya da baki tsohuwar hanya ce, kuma har yanzu babu wadda ta fi ta. Minti goma sun isa. "Ka rubuta kaza a shafi na biyu, me kake nufi? Ba ni misali daga garinku. Idan wani ya ce maka ba haka ba ne, me za ka ce masa?" Wanda ya yi aikin da kansa zai amsa ko da Turancinsa na tuntuɓe, a bar shi ma ya ƙarasa da Hausa. Wanda na'ura ta rubuta wa zai tsaya tun a tambaya ta biyu. Matsalarta ɗaya ce, tana cin lokaci. Malamin da aka ɗora wa ɗalibai 800 ba zai iya ba, kuma a nan ne ake gane makarantar da ta ɗauki ɗalibai daidai ƙarfinta da wadda ta ɗauka don kuɗi.

Irin aikin da ake bayarwa ma yana bukatar canji. Maimakon a ce wa ɗalibin koyarwa ya rubuta amfanin shirya darasi, a ce ya shirya darasi ya koyar a ajinsa, ya ɗauki hoton littattafan yara biyar, ya bayyana me ya sa uku suka gane biyu ba su gane ba. Manhaja za ta iya ƙirƙiro labari, amma ba ta san yaran ba, kuma shugaban makarantar yana nan, za a iya kiransa a tambaya.

Mu a ikkilisiya wannan ba baƙon abu ba ne. Tsarin TEE, wanda ya fara a wata makarantar tauhidi ta ƙasar Gwatemala a 1963 kuma ikkilisiyoyin arewa da yawa suka daɗe suna amfani da shi da Hausa, a kan ƙafa uku yake tsaye: karatu a gida, hidima a cikin jama'a, da haɗuwa a ƙungiya kowane mako tare da mai bi da su. Ba a gane ɗalibin TEE ta takarda kaɗai ba. Mai bi da ƙungiya ya ji shi yana amsa tambaya, jama'a kuma sun ga yadda yake ziyarar marasa lafiya. Idan makarantunmu na Littafi Mai Tsarki za su koma intanet, kuma wasu sun riga sun fara, ƙafar farko ce kaɗai za a iya mayarwa cikin waya. Manzo Bulus ya umurci Timoti a fara gwada masu hidima kafin a danƙa musu aiki, kuma gwajin da yake nufi ba na cike gurbi ba ne.

Dole kuma mu taɓa wurin da yake mana ciwo. Akwai masu hidima da suke dawowa da laƙabin dakta daga makarantun intanet na ƙasashen waje waɗanda ba a san wanda ya amince da su ba, bayan 'yan watanni da biyan wasu daloli. Mun ga abin da ya faru a Disambar 2023, lokacin da wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya bayyana yadda ya sami digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba, har gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon Janairun 2024. Wancan ba karatun intanet ba ne, amma ciwon ɗaya ne: takarda ba tare da gwaji ba. Ba daidai ba ne mu yi wa'azi a kan satar amsa ga matasa, sa'an nan majalisar ikkilisiya ta ƙara wa wani matsayi a kan takardar da ba wanda ya tambayi yadda aka same ta.

Ga iyaye da masu shirin biyan kuɗin irin wannan karatu, kafin ku sayar da buhunan masara ko ku ci bashi a ƙungiya, ku tambaya ko hukumar NUC ta amince da makarantar da kuma wannan kwas ɗin musamman, domin amincewa da jami'a dabam, amincewa da kwas dabam. Ku tambaya a ina ake rubuta jarrabawar ƙarshe, wa yake duba fuskar mai rubutawa, kuma idan ɗalibi bai yarda da makinsa ba, wane mutum ne zai saurare shi. Makarantar da ta ce muku komai a waya ake gamawa, daga rajista har karɓar takarda, ku nemi wanda ya gama a can ku zauna da shi, ku roƙe shi ya bayyana muku abu ɗaya da ya koya a zangonsa na ƙarshe.