Daga Dangwalar Waya Zuwa Rubuta Manhaja

A shekarar 2024 matasa da dama a Sakkwato sun kwashe watanni suna dangwalar fuskar waya a wasan Hamster Kombat na Telegram. Da aka yi rabon kuɗin dijital na wasan a watan Satumba, abin da yawancinsu suka samu bai taka kara ya karya ba. Da ma linzamin wasan yana hannun masu shi, kuɗin ne kawai ke kan bulokcen.

Bulokcen kundin lissafi ne da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, ba mai iya goge layi shi kaɗai. A dandalin Ethereum, wanda ya fara aiki a 2015, ana rubuta yarjejeniya mai zartar da kanta da yaren Solidity, kowane aiki kuma da ladan da ake biya. Ɗan kasuwar Legas zai iya zuba kuɗin albasar Sakkwato a cikinta, ba za su fita ba sai kaya sun isa.

Sai dai yarjejeniyar ba ta ganin buhu. Dole wani ya shaida mata cewa mota ta iso kuma albasa ba ta ruɓe ba. In ya yi ƙarya, ƙaryar za ta zartar. Kuskuren rubutu ma yana da tsada: a 2016 ta wata ɓaraka aka kwashe kusan Ether miliyan 3.6, wato kuɗin Ethereum, daga wani asusu mai suna The DAO.

Dokar zuba jari ta 2025 ta amince da kadarorin dijital a Najeriya. Ya kamata Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Umaru Ali Shinkafi su ba rubuta irin waɗannan yarjejeniyoyi da tantance su babban gurbi a darussan kwamfuta.