Wasiƙa ga masu gwajin jini: in MCV ya haura 100, kada takardar ta fita haka nan

Zuwa ga 'yan'uwana da ƙannena masu aiki a ɗakunan gwajin jini,

 

Abin da ya sa na rubuto muku wannan wasiƙa shi ne wani layi guda a takardar ƙidayar jini, wanda ido ya saba tsallakewa. Yanzu injin ƙidaya ya shiga asibitoci da yawa, har da ƙananan ɗakunan gwaji na cikin unguwa. Cikin minti ɗaya sai ya fito da takarda mai layi kusan ashirin. Likita ya duba PCV, ya duba fararen ƙwayoyi, ya ninke takarda. Mu ma mu buga hatimi, mu sa hannu, mu kira na gaba. Layin MCV kuwa, wanda ke faɗin girman jajayen ƙwayoyi, yana nan da alamar hawa a gefensa, babu wanda ya kula shi. Alhali sau da yawa shi ne ke fara ba da labarin ciwo, tun jini bai ragu ba, tun mai shi yana yawo da ƙafarsa.

A jikin babban mutum, MCV yana zama tsakanin femtolita 80 da 100. Wani likita a Amurka, Maxwell Wintrobe, shi ya tsara wannan awo wajajen 1930, lokacin da ake ƙirga ƙwayoyi da ido. Dabarar ƙirgawa da lantarki kuwa ta Wallace Coulter ce, wanda ya sami rajistar ƙirƙirarta a 1953. Ko babu inji, lissafin yana hannunku: PCV sau goma, a raba da adadin jajayen ƙwayoyi. Mai PCV 30 da ƙwayoyi miliyan 2.5, MCV ɗinsa 120 ne, kuma wannan ya isa ya tsayar da ku. Amma ku duba shekaru tukuna. Jaririn da aka haifa jiya, 105 ko 110 daidai ne a wurinsa, a hankali yake sauka.

Kafin ku tuhumi jikin mutum, ku fara tuhumar kwalbar. Jinin da ya kwana a kan tebur, ko wanda ya wuni a mota daga ƙauye cikin zafin bazara, ƙwayoyinsa kan sha ruwa su kumbura, inji kuma ya auna kumburin a matsayin girma. Shi ya sa sa'ar da aka ɗebi jini take da muhimmanci kamar sunan mai shi. Akwai kuma mutanen da jajayen ƙwayoyinsu kan manne da juna in sanyi ya taɓa su, ko na hunturu ko na ɗaki mai na'urar sanyaya iska, sai inji ya ƙirga dunƙule guda a matsayin ƙwaya ɗaya ƙatuwa. Za ku gane haka in adadin ƙwayoyi ya faɗi, MCHC ya wuce 36, kuma in kun ninka himoglobin sau uku bai zo kusa da PCV ba. Ku ɗumama kwalbar a digiri 37, ku sake sa ta a inji. Sukarin jini in ya yi mummunan hawa, shi ma yana sa ƙwayoyi su kumbura cikin ruwan sirkin inji. In kuwa kun ga kusan duk samfuran safiya sun haura tare, to matsalar a teburinku take. Ku sa jinin gwajin inganci, ku duba ruwan sirki, kafin ku saki ko takarda ɗaya.

In kun tabbata awon gaskiya ne, sai ku shimfiɗa ɗigon jini a gilashi, ku rina shi da Leishman, ku zauna gaban madubi. Gani ya kori ji. Na san layi yana da tsawo, kuma ba kowa ke biyan kuɗin wannan aiki ba, amma minti goman nan ne ke bambanta ma'aikacin gwaji da mai danna maɓalli.

Ku fara da siffa. Manyan ƙwayoyi masu siffar ƙwai, tare da ƙanana da masu kamar ɗigon hawaye a tsakaninsu, suna nuna ɓargo ya rasa bitamin B12 ko folik asid. Daga nan ku koma kan nitrofil, ku ƙirga rassan cibiyarsa. A bisa al'ada uku ne ko huɗu. In kun sami ko da ɗaya mai rassa shida, ko fiye da biyar cikin ɗari masu rassa biyar, kun sami shaida mai ƙarfi, kuma ita kan bayyana da wuri. Manyan ƙwayoyi masu zagaye kuwa, musamman in akwai masu ɗigo a tsakiya, hankali ya koma kan hanta ko barasa. In kun ga manya masu launin toka-toka da ya karkata zuwa shuɗi, waɗannan sabbin ƙwayoyi ne da ɓargo ya sako ba su gama nuna ba, wato ratikulosait. Sun fi tsofaffi girma, don haka yawansu kan ɗaga MCV. Ma'anarsu ita ce jini yana zuba ko yana fashewa a wani wuri, ɓargo yana ƙoƙarin cike gurbi. A yankinmu nan take za ku tuna da zazzaɓin cizon sauro, da sikila, da ƙarancin G6PD. Ku ƙirga su, domin ba a kama hanya ɗaya da mai ɓargon da ke gudu da mai ɓargon da ya kasa.

Yana da kyau ku san dalilin girman, don ku iya yi wa likita bayani da kanku. Ƙwayar jini tana rabuwa sau da yawa a cikin ɓargo kafin ta fito, kuma kowace rabuwa sai an kwafi DNA. Wannan kwafi ba ya yiwuwa sai da folik asid da B12. In suka yi ƙaranci, cibiya ta tsaya baya, jikin ƙwaya ya ci gaba da girma, sai ta fito ƙatuwa ba ta rabu yadda ya kamata ba. Da yawansu ma a cikin ɓargon suke mutuwa. Shi ya sa mai wannan ciwo kan zo da 'yar shawara a ido, LDH ya hau sosai, fararen ƙwayoyi da masu daskarar da jini su ma su sauka.

Bitamin ɗin biyu suna barin tabo iri ɗaya a gilashi, amma hanyarsu ta sha bamban. Ajiyar folik asid a jiki ba ta wuce ta wata uku zuwa huɗu. Ana samun sa a ganye irin su alayyahu da zogale, da wake, da gyaɗa, da hanta, sai dai doguwar dahuwa da zubar da ruwan ganye suna tafiya da kaso mai yawa. Mai ciki, da mai sikila, da wanda zazzaɓi ke yawan kayarwa, duk suna cinye ajiyarsu da sauri. Jaririn da aka dogara da nonon akuya wajen shayar da shi yana cikin haɗari, don nonon akuya ba shi da folik asid sosai. A birnin Bombay na Indiya ne Lucy Wills ta nuna a 1931 cewa wani sinadari da ke cikin yis yana warkar da irin wannan ƙarancin jini a mata masu ciki, kafin ma a san shi da sunan folik asid. A nan gida kuma Farfesa Alan Fleming, wanda ya yi aiki a Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya daɗe yana nazarin yadda zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin folik asid ke haɗuwa su kassara jinin masu ciki.

B12 kuwa daga nama, da kifi, da ƙwai, da nono ake samun sa, kuma hanta tana ajiye wanda zai kai shekara uku zuwa biyar. Don haka a ɓoye yake ƙarewa. Mutanen gidan da nama ya zama sai da salla, nono ma ya yi tsada, suna iya faɗawa ciki, haka ma jaririn da uwarsa ba ta da shi. Akwai kuma wanda ke cin nama kullum amma cikinsa ya daina yin sinadarin da ke shigar da bitamin ɗin cikin jini, wanda William Castle ya gano a 1929. A da wannan ciwo kisa yake yi, har zuwa 1926 da George Minot da William Murphy suka nuna cewa cin hanta mai yawa kullum yana tayar da masu shi, abin da ya ba su kyautar Nobel a 1934 tare da George Whipple. Yau allura ce take yin wannan aiki, kuma mai irin wannan ciki zai riƙa karɓar ta har ƙarshen rayuwarsa.

Ga inda nake so ku fi buɗe kunne. Folik asid yana da araha, kuma duk wanda aka ce jininsa ya yi ƙasa, shi ake fara miƙa masa, a asibiti da kemis. In matsalar mutum B12 ce aka ba shi folik asid shi kaɗai, jininsa zai iya gyaruwa. PCV ya hau, MCV ya sauka, kowa ya yi murna. Amma B12 yana da wani aikin da folik asid ba ya yi masa, wato kiyaye rufin jijiyoyi da laka. Sai ɓarnar ta ci gaba a ɓoye. Mutum ya ce yana jin kamar kiyashi na bin ƙafarsa, ko tafin ƙafa na yi masa zafi da dare. Daga nan ya fara tangaɗi in duhu ya yi, takalmi ya zame masa bai sani ba, mantuwa ta kama shi, wani ma hali ya canza har dangi su ɗauka iska ce. In aka yi jinkiri da yawa, ko an zo an yi allurar, wata ɓarnar ba ta komawa. Saboda haka, duk gilashin da ya nuna muku ƙwayoyi masu siffar ƙwai da nitrofil mai rassa da yawa, ku rubuta a fili cewa a auna B12 da folik asid kafin a fara magani, a kuma ɗebi jinin awon kafin a ƙara wa mutum jini. Inda awon ya fi ƙarfin aljihu ko babu shi a kusa, ku tunatar da likita cewa ba da su biyun tare ya fi aminci a kan folik asid shi kaɗai.

Abu na gaba shi ne magungunan da mutum ke sha, kuma takardar neman gwaji ba kasafai take faɗa ba. Mai sikila da ke shan haidroksiyuriya, hawan MCV a wurinsa abin da ake tsammani ne, har likitoci kan gane da shi cewa yana shan maganinsa. Haka mai cuta mai karya garkuwar jiki da ke kan zidobudin. Metotireksat, da fenitoyin na masu farfaɗiya, da Septrin in an daɗe ana sha, suna taɓa folik asid. Metformin na masu ciwon sukari, da omefirazol da mutane ke saye don gyambon ciki su yi shekaru suna sha, suna rage shigar B12. A mai ciwon sukari wannan tarko ne, domin in ƙafarsa ta fara mutuwa kowa sukarin zai ɗora wa laifi. Barasa tana ɗaga MCV ko da jini bai ragu ba, galibi tsakanin 100 da 110, kuma yakan ɗauki wata biyu zuwa huɗu kafin ya sauka bayan an daina. A cikin al'ummarmu wannan magana ce ta sirri. Ku rubuta abin da kuka gani a gilashi, ku bar wa likita tambayar a bayan labule, kuma kada sirrin kowa ya fita daga bakinku. Raunin aikin ƙullin tayirod na wuya shi ma yana cikin jerin, ku sa shi a shawararku in ba a ga wani dalili ba.

Kada kuma MCV na daidai ya ruɗe ku. Matsakaici ne kawai. Matar da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na folik asid a lokaci guda, ƙananan ƙwayoyinta da manya za su haɗu su ba da 90, kamar babu komai. RDW, wato awon bambancin girman ƙwayoyi, in ya hau shi zai fara tona asirin, gilashi kuma ya nuna muku iri biyu a fili ɗaya. Sannan akwai masu ƙarancin B12 da jijiyoyinsu ke lalacewa alhali takardar jininsu lafiya lau.

In dattijo ne, MCV ya hau, bitamin ɗin biyu suna daidai, babu barasa babu magani, ga fararen ƙwayoyi ko masu daskarar da jini suna sauka, ga nitrofil masu baƙuwar siffa, to ɓargon kansa ake zargi. Wannan aikin likitan jini ne a babban asibiti, kuma da wuri ake turawa.

Hukunci da magani na likita ne, mun sani. Amma likita ba ya ganin gilashi, abin da muka rubuta yake gani. Ku rubuta da kalmomi masu ma'ana: siffar ƙwayoyi, rassan nitrofil, yawan ratikulosait, da gwajin da kuke ba da shawara. In abin ya yi tsanani, ku ɗaga waya ko ku taka da ƙafarku zuwa ɗakinsa. In an fara magani, ku nemi a dawo da jini bayan mako guda, domin tsakanin kwana biyar da bakwai ratikulosait kan yi tashin da ke tabbatar da an kama hanya. In mai takarda ya tambaye ku a taga, kada ku tsorata shi, kada kuma ku ce masa ba komai. Ku ce akwai abin da likita zai bincika, ya koma da takardar yau, kuma kada ya sayi maganin ƙarin jini kafin ya gan shi.

Ku koya wa ɗaliban da ke zuwa muku horo yadda ake shimfiɗa jini da kyau da yadda ake ƙirga rassa, tun kafin hannunsu ya saba da maɓalli kaɗai. Mafi yawan abubuwan da ke ɗaga wannan layi suna da magani, wasunsu ma mai araha, muddin an gan su kan lokaci, kuma mu ne na farko da ke ganin su.

Allah Ya yi wa aikinku albarka, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam,
ɗan'uwanku a wannan sana'a.